Gilashin taga: wanne za ka saya idan kana gudun ɓarnar fashewa?

Bara waccan tukunyar gas ta fashe a shagon da ke daura da nawa a unguwar Mabera, nan Sakkwato. Bangona ko tsagewa bai yi ba. Taga ce ta yi ɓarna. Gilashin ya tarwatse ya shigo ciki kamar an watso wuƙaƙe, ya yanke yaron shagona a kafaɗa, sai da aka yi masa ɗinki. Har gobe ina tuna jininsa a kan buhun shinkafa.

Mutane na zuba kuɗi a rodi da kankare su manta da taga, alhali ita ce ke fara miƙa wuya. A harin ofishin jakadancin Amurka a Nairobi a 1998, dubban mutane sun jikkata, kuma da yawansu gilashi ne ya yanke su, har wasu suka rasa idanu. Mu ma a Sakkwato ba mu manta da 30 ga Yulin 2012 ba, ranar da bam ya tashi a Marina da Unguwar Rogo. Yanzu kuma ga shagunan gas da gidajen mai sun shigo cikin unguwanni.

Gilashi na gama-gari da na luba, ka bar su. Su suka yanke min yaro.

Gasasshen gilashi, irin na ƙofar mota, ya fi na gama-gari ƙarfi kusan sau 4, kuma in ya fashe yana zama tsakuwa-tsakuwa. To amma tsakuwar ma tashi take yi, ta samu ido. Ledar da ake mannawa kuwa tana riƙe ɓaraguzai, sai dai in ba a ɗaure ta da firam ba, gilashin kan fita ɗungurungum. Mai arha ba ta jure ranar Afrilu ta Sakkwato, sai ka ga ta yi ƙuraje tana ɓarewa.

Ni dai mai haɗi nake saya, wato irin na gaban mota. Gilashi biyu ne aka haɗe da wata roba a tsakiya, aka gasa su da zafi da matsi har suka zama ɗaya. Wanda aka fi samu mai kaurin milimita 6.38 ne: 3 nan, 3 can, robar 0.38. In da hali ka nemi mai roba 0.76 ko fiye. Idan iskar fashewa ta buge shi yakan tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, ya lanƙwasa, amma ɓaraguzan na manne da robar. Yana rage ƙara, yana hana rana koɗe kaya, ɓarawo ma sai ya sha wahala kafin ya huda shi. Yana da tsada da nauyi, ban musa ba.

Sai dai a nan ne 'yan damfara suke. Bayan abin ya faru na je wajen wani mai gilashi, ya ce, “Alhaji, wannan ko bam ba ya fasa shi.” Na biya. Wata 2 ba a yi ba kusurwa ta fara ɓarewa. Ashe gilashi ne falle ɗaya aka manna masa leda mai duhu. Don haka kada ka duba fuska, juya shi ka duba gefe. Na gaskiya za ka ga layi uku, robar a tsakiya, ba a baya ba. Sa farce a kusurwa. In wani abu ya ɗago, ajiye masa kayansa. Ƙwanƙwasa shi da makulli: mai haɗi ƙararsa a dushe take, falle ɗaya kuwa sai ya yi ƙara rau. Ka ce ya ba ka guntu ka buga masa guduma a gabansa. In ya ƙi, ka gane. Wanda kuma ya ce maka gasasshe ne sannan ya ɗauko abin yanka ya yanka maka, ƙarya yake, gasasshe ba ya yankuwa, wargajewa yake. Duk mai cewa gilashinsa ba ya fashewa ma, bai san kayan ba ko yana neman kuɗinka ne.

Ragowar cutar a firam take. Alminiyom mai kamar gwangwani, an kafe shi da ƙusa a jikin bulo, ba zai riƙe komai ba. Ka tsaya a kan mai aikin, ka ga gilashin ya shige firam sosai an bi shi da silikon, firam ɗin kuma an ɗaure shi da noti a cikin kankare. In ginin babba ne, ko yana fuskantar gidan mai, kira injiniyan gini ya auna tazarar kafin ka biya ko sisi.