Windows a kan Steam Deck: a katin memori za ka saka, ko faifan ciki za ka raba?

Wani ƙaninmu daga Argungu ya yi tambaya daren jiya. Ya sayi Steam Deck, ƙaramar kwamfutar wasan nan da ake riƙewa a hannu, ta hannu ce mai gigabait 256, ya kunna da murnarsa, sai wasan ƙwallon kamfanin EA ya ƙi tashi. An ba shi shawarar ya ƙara Windows ba tare da ya goge SteamOS ba, wato babbar manhajar da na'urar ta zo da ita, shi ne yake son sanin wanne ya fi: ya saka Windows ɗin a katin memori, ko ya raba faifan ciki gida biyu? Ƙanena, duka biyun na yi su a kan tawa a nan Birnin Kebbi, kuma kowanne ya ci mini dare.

Ka kwantar da hankalinka, na'urarka lafiyarta ƙalau. Tun da kamfanin Valve ya fito da ita a watan Fabrairun 2022, SteamOS ne a cikinta, shi kuwa Linux ne, wani tsari daban da Windows. Wasannin da aka rubuta wa Windows suna gudu ne ta hannun wani tafinta da ake kira Proton, kuma dubbansu suna tafiya sumul. Inda tafintan ke gazawa shi ne wasannin da ke zuwa da manhajar kama masu maguɗi, irin wadda ke kutsawa can cikin hanjin Windows ta zauna. EA ya saka irin tasa tun daga FIFA 23. Fortnite, Destiny 2 da sababbin Call of Duty duk layi ɗaya suke. Apex Legends da ɓangaren intanet na GTA V a da suna yi, a 2024 aka rufe ƙofar. Wannan ne kaɗai dalilin da na yarda ya isa mutum ya kai Windows cikin wannan na'ura.

Hanyar kati ita ce mai sauƙi. Ka samu laftof, ka sauke Windows, ka buɗe manhajar Rufus ka zaɓi Windows To Go, ta rubuta shi a katin. Ka kashe Deck ɗin gaba ɗaya, ka zura katin, ka riƙe maɓallin rage sauti sannan ka danna na kunnawa. Za ta nuna maka inda kake son ta tashi. Ba ka taɓa SteamOS ba, ba ka taɓa wasanninka ba. Ranar da ka gaji, ka zare katin, shi ke nan. Ga wanda bai taɓa raba faifai ba wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman da yake Valve ba ya sayar da na'urar a Najeriya, babu wani ofishi da za ka kai kuka idan ka ɓata ta.

Amma kati kati ne. Ramin memorin Deck iyakar gudunsa wajen megabait 100 a daƙiƙa, faifan ciki kuwa ya ninka haka fiye da sau goma. Kuma ba gudun kaɗai ba ne. Windows ba ya zama shiru. Ko kana wasa ko ba ka yi, yana ta ƙananan rubuce-rubuce a bayan fage, abin da katin da aka ƙera don hotuna da bidiyo ba ya jurewa. Daren da na fara gwadawa, na bar shi yana sabunta kansa bayan sallar isha'i, na yi hira a ƙofar gida har wajen sha ɗaya, na dawo na tarar da ɗigon nan suna ta zagaye a allo, katin ya yi zafi. Bayan ya daidaita wasa yana tafiya, sai dai duk lokacin da Windows ya tuna da wani aikinsa, hoton ya ɗan tsaya cak, kuma ka san yadda abin yake idan ɗan wasanka ya fuskanci gola. Sau da yawa kuma idan na kwantar da ita barci na tashe ta, sai in tarar ta daskare, dole in kashe da ƙarfi.

Ga maganar jabu. Katin farko da na saya an rubuta 512 a jikinsa, kwalin yana ƙyalli, kwamfuta ma ta nuna 512. Da kaya suka yi yawa a ciki sai fayiloli suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya, ashe cikinsa bai kai ko kusa ba. Duk katin da ka saya, ka gwada shi da manhajar H2testw kafin ka ɗora masa komai, kuma ka nemi mai alamar A2. Ka tuna kuma ramin ɗaya ne tak: muddin katin Windows na ciki, wasannin SteamOS da ke ɗaya katin suna aljihunka.

Raba faifan ciki kuwa aikin yini guda ne. Sai ka tanadi filashi biyu, ɗaya mai ɗauke da fayil ɗin ceto na SteamOS wanda Valve ke bayarwa kyauta, aƙalla mai gigabait 8, ɗaya mai Windows. Sai ƙaramin mahaɗin USB-C da kibod. Da na farkon za ka tashi na'urar ka rage ɗakin da SteamOS ke ajiye wasanni, ka bar fili. Da na biyun ka saka Windows a filin. Kada ka tsorata idan allo ya fito a karkace, asalin gilashin a tsaye aka ƙera shi, daga baya za ka juya shi a saituna. Sauti ma ba zai fito ba sai ka saka direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ya gane sassan na'urar, waɗanda Valve ya ajiye a shafinsa, don haka ka sauke su tun da wuri a filashi. Valve ɗin ya faɗa ƙarara cewa direbobi kawai ya bayar, ba ya ɗaukar nauyin Windows a kan na'urar. A wurin zaɓen ɗaki ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa: SteamOS yana da ƙananan ɗakuna da yawa a jere, ka goge wanda bai dace ba, sai sabon zubi. Ka cika batir kafin ka fara, kada ka dogara da wutar da ba ka san lokacin tafiyarta ba.

Idan ya zauna, bambancin a fili yake. Windows ya tashi da sauri, tsaye-tsayen nan sun ragu ƙwarai, ramin kati ya zama naka. A wajen aiki babu ma abin gwadawa, faifan ciki ya yi wa kati fintinkau.

Matsalarka kai ita ce 256 ɗin. Windows 11 yana neman gigabait 64. Wasan ƙwallon yana neman wajen 100. Ka cire waɗannan, ka cire abin da SteamOS ya riƙe wa kansa, abin da zai rage maka bai kai 80 ba, wato babban wasa ɗaya da 'yan ƙanana. Ga shi gidajen biyu ba sa cin abinci a kwano ɗaya: SteamOS yana tsara ajiyarsa da ext4, wanda Windows ba ya karantawa, shi kuma nasa NTFS ne. Akwai dabarun haɗa su, amma ba na wanda ya fara jiya ba ne. Abin da ka sauke a nan, idan kana so a can, sai ka sake saye da datarka, kuma kowane gida yana da nasa sabuntawar da yake jira.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da za su ba ka mamaki. Windows yakan ƙwace gaba bayan ya sabunta kansa, ka kunna ka ga babu SteamOS. Yana nan, ka koma ga maɓallin rage sauti, ko ka saka manhajar Clover ko rEFInd su riƙa tambayarka wanne za ka shiga a farko. Na biyu agogo. Linux yana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya, Windows yana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari, mu kuma a Najeriya muna gaban lokacin duniya da awa ɗaya. Rannan na fito daga SteamOS na shiga Windows, na ga uku saura, na ci gaba da wasa, sai na ji ana kiran la'asar. Ka kunna daidaita lokaci ta intanet, ko ka gyara saitin sau ɗaya.

Ko ta wace hanya ka bi, akwai abin da za ka bari a baya duk lokacin da kake cikin Windows. A SteamOS kana tsakiyar wasa ka danna maɓalli ta yi barci, bayan awa biyu ka dawo daidai inda ka tsaya. Da yatsa ɗaya kake rage mata cin wuta daga wat 15 zuwa ƙasa, batirin ya kai ka, fanka ta yi shiru. A Windows sai ka nemo wasu manhajoji kafin ka samu wannan, wasunsu ma masu kama maguɗi suna yi musu kallon tuhuma. A garinmu wannan ba kwalliya ba ce. Valve ya ce na'urar ta fi jin daɗin aiki idan zafin wuri bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu 40 muke wucewa. Batirin irin taka ƙarami ne, wasa mai nauyi yana iya cinye shi cikin awa biyu.

Yanzu ga abin da na fi son ka ji, don wanda ya ba ka shawara bai faɗa maka ba. Saka Windows ba tabbacin ƙwallon zai tashi ba ne. A kan Windows 11, wasannin ƙwallon EA da wasan Valorant suna neman wata kariya da ake kira Secure Boot, ita kuwa Deck ba ta zuwa da ita a kunne, kunna ta kuma aiki ne mai wuya da kan hana SteamOS tashi. Shi ya sa da yawa suka riƙa saka Windows 10, wanda Microsoft ya daina kula da shi ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ka duba ainihin ƙwallon wace shekara kake son bugawa, ka karanta sharuɗɗansa, kafin ka kashe ko sisi.

Da ni ne kai, da kati zan fara, don gwaji kawai. Idan wasan ya ƙi, katin bai ɓace ba, ka goge shi ka zuba wasannin SteamOS. Idan ya yi, kuma ka ga wata guda kullum kana ciki, to ka sayi faifai mai girma, 512 ko terabait 1, ɗan gajeren nan mai lamba 2230, shi za ka raba. Wannan 256 ɗin kada ka raba shi. Idan kuwa ka lissafa ka ga yawancin abin da kake bugawa na Windows ne, gara ka sayar da ita tun tana da daraja ka nemi wata na'urar irinta, ROG Ally ko Legion Go, su da Windows 11 suke zuwa daga kamfani.

Ranar da za a buɗe bayanta don canza faifai, ko kai ne ko mai gyara, ka zare katin memori da hannunka tukuna. Idan yana ciki aka ɗaga murfin, gida biyu yake karyewa.