Na sa ma tsohuwar HP ɗina SSD da RAM nan Maradi, ga yadda ta kaya

Jama'a duk wanda ordinatar ɗinshi ke jan ƙafa kamar jakin da anka jibga ma kaya, ya dakata kafin ya kai ta kasuwa ya saida a banza.

Tawa HP EliteBook 840 G3 ce, okaziyon na saye ta, processeur (ƙwaƙwalwar na'urar) Core i5 ƙarni na shida, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) 4GB da disk dur (rumbun ajiya) 500GB irin mai juyawan nan. In na kunna ta sai in tahi in ɗora shayi in dawo ba ta ida buɗewa ba, in kuwa na haɗa Word da Chrome shikenan ta ƙame, ga ni da memuwar a gaba, malamina nan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo sai tambayata yake ina babi na uku. Wani abokina ya kwatanta mini wani mai gyara can wajen babbar kasuwa, ɗan shago ne da ko mutum ukku ba ya ɗauka, gawarwakin ordinatar jibge har rufi.

Ni da na je cewa na yi ya canza mini processeur ya sa Core i7 da ya fi ƙarfi. Ya yi dariya ya ce "yaya, wannan manne yake da kat mer, babban allon da komai ke haɗe kanshi, ba a cire shi, duk wanda ya amshi kuɗɗinka kan haka ya cuce ka." Nan na fara yarda da shi, don da ya so da ya wanke ni tas. Ya buɗe mini wurin da ake ganin aikin na'ura, processeur na hutawa abinshi amma disk na kan 100% ba sauka. Ya ce ga ɓarawon nan. Disk mai juyawa da ƙyar yake wuce 100MB a sakan, SSD kuwa, wato disk ɗin zamani da ba ya juyawa, irin na SATA yana kai 500 da ɗoriya. Abin da ya fi yi mini daɗi, da ya kwance bayan da turnabis sai ga ramin M.2, inda ake soka SSD, wayam ba kowa ciki, ke nan SSD 256GB ya shiga nan, tsohon disk ya zauna wurinshi ya zama rumbun hotuna da takardu, ba abin da na yar.

Wajen RAM anka ɗan yi wasan kwaikwayo. Yaron shagon ya ɗauko RAM irin DDR3L yana ta dannawa ya ƙi shiga, maigidan ya daka mashi tsawa "kai ba ka ga tsagar ba wuri ɗaya take ba?" Ashe tawa DDR4 take ci. Rami biyu gare ta kuma tana ɗaukar har 32GB, amma ya ce aikin rubutu 8GB kan 4 ɗin da ke ciki ya ishe ni, in riƙe sauran kuɗɗina. Sannan bantilater, wayyo, ƙurar hunturu ta dunƙule ciki kamar audugar katifa, man da ake shafa ma processeur ya bushe ya zama ƙanzo. Ya goge ya sa sabo bai ƙara ko dala ba.

To amma ba duka ne zuma ba. Ya ce awa biyu, sai washegari bayan la'asar na amshi abina, wai wuta ta tahi ana cikin sa Windows, kuɗɗin kabu-kabu sau huɗu kenan. Garanti wata ɗaya da baki kawai, ko guntun takarda babu. Jikka 33 na biya duka bayan mun sha ciniki. Ni dai na ce sai ya nuna mini awannin da SSD ɗin ya yi aiki cikin CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar disk, kafin in ƙirga mashi, don ana sa tsoho cikin sabon kwali, nawa dai sabo ne alhamdulillahi. Batir kuwa yana nan yadda yake, kar wani ya yi tsammanin SSD zai tada mataccen batir.

Ya so ya tura mini Windows 11 ta bayan gida, tunda Microsoft daga processeur ƙarni na takwas ta fara lissahin na'urorin da ta yarda a sa ma shi kuma tallahin Windows 10 ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, na ce a bari sai na gama sutnans, ba na son sabon ciwon kai yanzu.

Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe, shayin ma sai dai in sha ina aiki. Sai da na zo gida na juya ta na ga kusa ɗaya babu a gindinta, na kira shi ya ce tana nan cikin gwangwanin Nescafé da yake tara su, in biyo ranar Asabar.