Rumfar jabana a Garbul Gash: gahawa ta yi, amma kar ka zo kana sauri

Duk wanda ya sauka Kassala, a gabashin Sudan, abu na farko da za a ce masa shi ne ya je Totil ya sha jabana, wato gahawar gargajiya da ake kawowa a 'yar butar ƙasa, a gindin duwatsun Taka, ya kurɓi ruwan rijiyar nan da ake cewa wanda ya sha sai ya dawo garin. Ba laifi, waje ne mai kyau, amare da angwaye sun san shi tun kafin yaƙi, amma ni a ganina gahawar can ta baƙi ce, har da kuɗin kallon dutse ake haɗa maka. In gahawa kake nema tsakani da Allah to ka tsallaka gada zuwa Garbul Gash, unguwar da ke yamma da kogin Gash, akwai wata rumfa ta tabarma da tsofaffin buhuna, ba allo ba suna, mu dai rumfar sha'iri muke ce mata duk da ba tashi ba ce, zama kawai yake yi a ciki kullum ta Allah.

Mai rumfar Bahadande ne, wato cikin Hadandawa na ƙabilar Beja, kuma wallahi bai san wani abu wai shi gahawar da aka dafa aka ajiye a fulas ba. Sai ka zauna sannan zai ɗebo ɗanyen bun, wato 'ya'yan gahawa, ya zuba a ɗan kasko ya ɗora kan gawayi, yana kaɗawa har ya yi baƙi yana maiƙo, ya miƙo maka kaskon ka shaƙi hayaƙin, sannan ya juye a ɗan turmi ya daka da citta. Sautin dakan ma kansa daban ne, yana buga gefen turmin kamar mai kiɗan kalangu. Daga nan a tafasa, a juye a jabanar ƙasa mai dogon wuya, a toshe bakinta da zaren kaba saboda gari, a kawo maka a tire da 'yan finjalai da sukari da garwashin turaren wuta. Zubin farko yana da ƙarfi sosai, citta tana kama maƙogwaro, in ba ka karya ba kar ka fara, hannunka zai yi ta rawa har azahar. Na biyu shi ne nawa. Sukari kam ka ja masa kunne tun da wuri, in ba haka ba rabin finjali zai cika maka, su haka suke sha.

Duk wannan aikin yana cin lokaci, kuma in ka nuna kana sauri kallonka kawai zai yi ya ci gaba da fifita wutarsa.

Abinci ba yawa. Da safe akwai zalabiya mai zafi, wani soyayyen cincin fulawa mai laushi, da wata baiwar Allah ke soyawa a gefe, da rana kuma wani yaro yana gasa salat, naman nan na Beja da ake shimfiɗawa a kan duwatsun da aka ɗora bisa garwashi, ba ya taɓa wuta, kitsen kansa ne ke soya shi, gishiri kawai sai albasa da lemon tsami. Wannan na ba shi maki cikakke. Amma agashe, wato tsire, da suka fara yi kwanan baya saboda ganin Hausawa sun yawaita, a'a, don Allah su bari. Mu da muka taso a Mai Wurno ta yankin Sinnar mun san tsire, kakanninmu ne suka shigo da shi ƙasar nan, nama ana fere shi siriri ne a tsoma a ƙuli da yaji a jera a gefen wuta ya gasu a hankali, su kuwa yanka suke da kauri su kifa a tsakiyar wuta, waje ya ƙone ciki ɗanye. Kowa ya tsaya a kan abin da ya gada.

Shi kuwa sha'irin, dattijo ne siriri, farar jallabiya da 'yar shara baƙa a sama irin tasu, da tsinken katako a gashi. Ana idar da asuba yake zuwa ya zauna a kan wani gajeren gadon igiya da ba wanda ke zama a kai sai shi, ya ajiye sanda, ya zaro wani littafin 'yan makaranta da ya sha jiki daga aljihu. Duk baƙo yana zaton waƙoƙi ne a ciki. Ko baiti ɗaya babu. Waƙoƙinsa a kai suke, da Bidawiyet yake yin su, harshen da yawancin masu shi ba su taɓa karanta shi a aji ba. Abin da ke cikin littafin sunayen gidaje ne, gida kaza mutum kaza, wa ke da mai jego, wa ke da mai ciwon suga, buhun adas, wani ƙaramin wake, nawa ya rage a takiyya, gawayi na kwana nawa.

Takiyyar ita ce tukunyar unguwa da ake dafawa a raba kyauta, kuma tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 irinta ta rufa wa mutane da yawa asiri. Kassala ba a yi faɗa a titunanta ba amma ta ɗauki kaya, mutanen Khartum suka fara zuwa, da garin Madani ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023 aka ƙaru, da suka shiga Sinja a ƙarshen Yuni 2024 mu ma na yankin Sinnar muka biyo hanya, makarantu suka cika da masu gudun hijira, ga damina ga kwalara a waccan shekarar. To safiyar mutumin nan duk a kan wannan take ƙarewa. Waya a kunne, wani ɗan unguwa da ke aiki a Jidda ya turo kuɗi, wani a Bur Sudan ya yi alkawari bai cika ba a sake kiransa, mai amalanken jaki ya kawo ruwa ganga biyu ya ce uku ne a tsaya a yi lissafi. Gahawarsa sau da yawa sanyi take yi a gabansa mai rumfa ya sake ɗumamawa yana mita.

Akwai ranar da wani ɗan uwanmu Bahaushe ya zo a rubuta gidansa, bai jin Larabci sosai sai aka ce in fassara. Dattijon ya buɗe shafi ya bi da yatsa ya ce ai matarka ta rubuta jiya. Mutumin ya ce waccan uwargida ce, amarya tana wata makarantar daban da 'ya'ya huɗu. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, ɗana, tambaye shi, shi a wace tukunyar yake ci? Na ce, Baba, ya ce duk biyun. Aka fashe da dariya har mai rumfa, shi ko bai yi ba, ya rubuta amarya da 'ya'yanta, ya ce maigidan kuma sau ɗaya za a ƙirga shi, ya zaɓa. Kuma da yamma sai da ya tura yaro makarantar ya gano da idonsa. Wasu na cewa ya cika tsanani, ni ban ga laifinsa ba, tukunya ɗaya ce.

Abin da ya sa wannan ya tsaya min a rai, wanda ya san garin nan ya san abin da ya faru a Yulin 2022, bayan kashe-kashen ƙabilanci na jihar Nilul Azrak Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala aka ƙona ofisoshi da shaguna, an daɗe ana kallon juna a kaikaice. Yau ga sunayen Hausawa shafi-shafi a littafin Bahadande, tsakanin na ƙabilar Bani Amir da na mutanen jihar Jazira, bai ware mana shafi daban ba.

Bayan azahar rumfar takan koma kotu. Rigimar akuya ta shiga gonar albasa a sawagi, wato lambunan ban ruwa, rigimar bashi, yara sun yi faɗa an fasa kai. Su Beja suna da tsarinsu na gargajiya da suke kira silif, kuma in abu ya yi zafi ana ɗaura galad, wato alkawarin kowa ya mayar da wuƙarsa kube har manya su zauna. Ƙananan rigingimu a nan yake kashe su kafin su kai can. Sai dai fa a nan matsalar take ga mai shan gahawa: kujeru kaf mutanensa sun cinye, ka biya kuɗinka ka tsaya a rana da finjali a hannu, ga ƙuda lokacin mangwaro, ga hayaƙin gawayi da ba shi da mafita. Mata kuma ba su da wajen zama ko kaɗan, wadda ta zo maganar takiyya daga bakin rumfa take tsayawa ta yi magana ta tafi, alhali su ne ke tsaye a kan tukunyar tun safe. Wannan na faɗa wa mai rumfa, ko tabarma ɗaya ya shimfiɗa a gefen mai zalabiya, ya ce in sha Allah, har yau shiru.

Waƙa sai bayan isha'i, kuma ba kullum ba, sai in wani saurayi mai kaɗa basankob ya zo, garayarsu ce mai tsirkiya biyar. Dattijon ba ya tashi tsaye ba ya ɗaga murya, zai rufe ido ya fara jero baituka, wajen ya yi tsit sai can ka ji sun amsa baki ɗaya, wani ya miƙe ya ɗaga sanda yana girgiza ta sama. Ni ba na jin yaren, makwabcina ke tsinto min kaɗan-kaɗan da Larabci: raƙumi, ruwan Gash in ya taho daga Eritiriya da damina ja wur, Usman Digna, tsohon jarumin yaƙinsu, sai kuma ka ji ya sako layin ruwa da tsadar suga da ɗan kasuwar da ya ɓoye gari. Ba ya karɓar liƙi, wanda ya miƙa kuɗi sai ya nuna masa littafin a rubuta a takiyya. Bidiyo kuma ba ya so, kar ka ɗaga waya sai ka nemi izini.

Farashi da sauƙi in ka kwatanta da cikin kasuwa, amma yana motsi kusan duk sati kamar komai a ƙasar nan, don haka ka tambaya kafin ka zauna. Suna karɓar Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, tun da tsabar kuɗi ta yi wuya bayan canjin takardun 500 da 1000 a ƙarshen 2024, sai dai netwok a wajen yana zuwa yana tafiya, gara ka riƙo 'yan canji. In gahawa kawai kake so ka zo tsakanin hantsi da azahar kafin masu ƙara su cika wajen, in waƙa ce daren Alhamis ya fi tabbas. Kuma ka zo da kwalinka na zama.