Gasar ƙananan sojoji a shagon unguwarmu: tsari ya yi, amma a dubi masu ɗaukar tebur

Jama'a wannan sharhi ne a kan wani shagon wasanni da ke garin da nake zaune a nan tsakiyar Ingila. Ba zan kama sunansa ba tunda akwai ƙorafi a ciki, kuma har gobe ina shiga wajen. Abin da zan duba shi ne gasar Warhammer 40,000 ta yini ɗaya da suke shiryawa a ɗakin sama, kuma ni ba ɗan wasa ba ne a ranar gasa, ina cikin 'yan aikin sa kai, mu ne masu jera tebur, masu karɓar sakamako, masu shara in an watse.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur da ƙananan sojojin roba, galibinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, kai za ka saya ka haɗa su da gam ka zauna ka yi musu fenti da buroshi ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Games Workshop ne ke yin su, an kafa shi a Landan a 1975, yanzu hedikwatarsa na Nottingham, wasan kansa kuma ya fito a 1987, bugu na 10 na dokokinsa ya zo a 2023. Tafiyar soja da tef ake auna ta, inci kaza, harbi kuma da 'ya'yan ludo masu fuska shida, ka jefa a ga ko ka samu, ka sake jefawa a ga ko ya ji ciwo, shi ma abokin karawarka ya jefa a ga ko sulkensa ya tare. Kowane rukunin soja da farashinsa na maki, a gasa kowa yana zuwa da rundunar maki 2000, ba a yarda ka wuce ko da ɗaya ba.

To abin da ya fara burge ni da shagon nan shi ne teburansu. Filin wasa na maki 2000 inci 44 ne a 60, kuma ba shimfiɗa tabarmar roba kawai ake yi ba, sai an jera kangayen gini, bango mai lanƙwasa, tarkacen kwantena, su ne maɓoyar sojoji. In kangon ya yi kaɗan, wanda ya fara harbi shi ya ci wasa, an gama, ɗayan kuwa ya biya kuɗin mota ne kawai ya zo kallon yadda ake kwashe masa sojoji. Mai shagon ya gane wannan sosai. Kowane tebur da kwandonsa, an rubuta lamba a ƙarƙashin kowane kango, ga takardar taswira an manna a murfin kwandon, saboda haka ko yau ka fara aikin za ka iya jera tebur daidai, ɓangaren nan ya zama madubin wancan. Ana aunawa fa da tef, ba da ido ba. Na ga wata gasa a wani gari inda aka tara kwalaye da soso marasa fenti aka ce wai gari ne, wallahi in ka ga na shagon nan ka san an zauna an yi aiki, yawanci katakon MDF ne aka yanka aka fesa masa fenti, an ɗan goga toka-toka a gefuna ya yi kamar wuta ta lashe shi.

Amma waye ya yi fentin? Mu ne. Ku riƙe wannan zan dawo kanta.

Na biyu lokaci. Wasa uku ake yi a yini, kowanne awa uku, kuma nan ne gasa da yawa ke lalacewa, domin wasa ɗaya zagaye biyar ne, in mutum mai nawa ne ko mai rundunar da sojojinta suka yi yawa sai lokaci ya ƙare suna zagaye na uku, shi ke nan a fara gardamar da an ci gaba da ni zan ci. A nan akwai babban allo a bango yana ƙirga lokaci kowa na gani, ana kuma shela in saura awa ɗaya, in saura rabin awa, in saura minti goma sha biyar a ce kar wanda ya fara sabon zagaye. Duk wanda ya nemi agogon ces (wato darar Turawa) mai fuska biyu ana ba shi, kowa awa ɗaya da rabi, naka ya ƙare sai dai ka tsaya kana jefa na kariya. Wasu na ganin tsanani ne, ni kam ina goyon baya, mutum ya baro iyalinsa ranar Asabar ba zai yiwu wani ya cinye masa lokaci yana jujjuya littafi ba.

Haɗa 'yan wasa kuma tsarin Siwis suke bi, wanda aka aro daga gasar ces, ba a fitar da kowa. Karon farko ƙuri'a ce, daga nan wanda ya ci ya haɗu da wanda ya ci, wanda aka doke ya haɗu da ɗan uwansa, kuma ba ka haɗuwa da mutum ɗaya sau biyu. Amfaninsa sabon shiga zai sha kashi da safe amma zuwa la'asar ya samu daidai shi. Da manhajar Best Coast Pairings ake yi, kowa ya ga lambar teburinsa a waya, ya shigar da makinsa da kansa. Makin wasa ɗari ne, 50 na babban aiki wato riƙe wuraren da aka sa alama a fili, 40 na ƙananan ayyuka, 10 kuma kyauta ce ga duk wanda ya yi wa rundunarsa fenti. Wannan goman tana sa mutane kwana suna fenti daren Juma'a, da safe ka ga mutum ido ja, sojojinsa na warin fenti. Matsala ɗaya, intanet ɗin ɗakin saman ba ya ja in mutane sun cika, sai ka gan ni da takarda da biro ina bin tebur tebur ina tambaya nawa da nawa, alhali ƙaramar na'ura ɗaya za a ƙara a sama a huta.

Alƙalin gasar shi ne dukiyar shagon nan, in da za su sani. Wani dattijo ne mai furfura, ni Baba nake ce masa kuma ya saba har yana amsawa, shi ma ba a biyansa ko sisi. Yawancin rigima a kan abu biyu ce, ko sojan nan yana hango wancan, ko tazarar ta kai. Na ga ranar da wasu biyu suka kira shi, ɗaya ya sauko da sojojinsa daga sama, doka ta ce sai sun fi inci 9 nesa da abokan gaba, ɗayan ya rantse ba su kai ba. Baba bai ce uffan ba, ya ciro wani ɗan sanda da ya yanka daidai inci 9 daga aljihun riga, ya kwantar tsakanin gindin sojojin biyu, sandan ya ƙi shiga, saura kamar kaurin farce. Ya ce wa mai sojojin matsar da su baya kaɗan ɗana, ku ci gaba, agogo na tafiya. Ko minti ɗaya ba a yi ba. In maganar hange ce kuwa sai ka ga tsoho ya durƙusa ya kanne ido ɗaya ya leƙa ta bayan kan sojan, ya miƙe ya ce yana gani ko ba ya gani, magana ta mutu. Kuma tun kafin ranar yake karɓar jerin rundunar kowa ya duba lissafi, ya sanar cewa duk gyaran doka da kamfani ya fitar bayan rana kaza ba za a yi aiki da shi ba, domin ana yawan sabunta farashin maki da dokoki, in ba a tsayar da rana ba kowa da nasa zai zo.

Na san wani zai tambaya, da 'ya'yan ludo da kuɗin shiga, wannan ba caca ba ce? Ni ba malami ba ne, abin da na gani dai ba a zuba kuɗi a kan wasa, tikitin na hayar tebur ne da abincin rana, bai ma kai kuɗin akwatin sojoji ɗaya ba. Na ɗaya kofi yake samu, akwai na wanda ya fi iya fenti, akwai na wanda ya fi kyan hali da 'yan wasa ke zaɓa, na ƙarshe kuma a miƙa masa cokalin katako ana tafi ana dariya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Batun salla kuwa mai shagon bai taɓa yi min gardama ba, sito yake buɗe min in shimfiɗa darduma tsakanin kwalaye, hutun rana ya kan zo daidai da azahar, da hunturu ne dai la'asar da magariba ke faɗowa a tsakiyar wasa sai ka nemi wanda zai riƙe maka takarda.

Yanzu ƙorafin. 'Yan aikin sa kai su ne ke zuwa daren Juma'a bayan an rufe shago su hau da tebura ta wata matsattsiyar matakala, su dawo da sassafe kafin kowa, su ne na ƙarshen fita. In 'yan wasa suka zama mara, wato mutum ɗaya ya rasa abokin karawa, cikinmu ake cewa wani ya ɗauko runduna ya cike gurbi, ka yi awa tara a tsaye ba ka shirya ba. Duk wannan ba komai, mu muka kawo kanmu. Amma abincin rana a ƙirga shi daidai kan masu tikiti, mu sai abin da ya ragu? Ranar nan sanwic biyu suka rage, duka na naman alade, na ƙare da biskit da shayi. Ko gayya aka kira a ƙauye ai ana dama wa masu noma fura. Ba kuɗi muke nema ba, a sa mu cikin lissafin abinci, a tambayi me mutum ke ci kamar yadda ake tambayar 'yan wasa a fom, a ɗan yi mana ragi in mun zo sayen fenti tunda da fentinmu ake gyara kangayen. Kuma mutanen nan dai su ne kullum, ba a neman sababbi, ba jadawali, sai ana saura kwana biyu a turo saƙo a guruf wai wa zai samu zuwa. Ranar da Baba ya ce gwiwarsa ta gaji ban san wa zai karɓa ba, ba wanda ake koya wa.

Abin haushin ma sana'ar nan ta san darajar 'yan sa kai, babban taron wasannin ƙananan sojoji na Salute da ake yi a zauren ExCeL a Landan duk shekara ƙungiyar 'yan wasa ce ke shirya shi, South London Warlords, ba wani kamfani ba. To shago mai cin riba da taron ai shi ya fi cancanta ya kula da mutanensa.

Sauran ƙananan abubuwa: ɗakin saman taga ɗaya ke buɗuwa, zuwa wasa na uku iskar ta yi nauyi, fanka biyu za su gyara. Banɗaki ɗaya ne, ana layi a hutu. Tsakanin tebura ya matse, in mai jiki ya juya sai ka ji ƙaras, takobin wani ya karye, shi ya sa kullum akwai gam a aljihuna. Mai keken guragu kuwa ba shi da hanyar hawa sam, wannan kam ya kamata su rubuta a tallar tikiti tun kafin mutum ya biya.

In ka tambaye ni ko ka je, ka je, musamman ɗalibanmu da ke nan suna zaman kaɗaici a ɗaki ranar Asabar. Kayan wasan ba araha gare su ba, saboda haka kar ka fara da saye, ka je ka ce za ka taimaka da jera tebur, a yini ɗaya za ka ga runduna iri-iri a fili, ka ji yadda ake yanke hukunci, ka gane wacce ta kwanta maka kafin ka fitar da fam ɗaya. Akwai kuma ƙananan nau'i irin su Kill Team da sojoji kaɗan ke isa, wanda kuma ya fi son tarihi akwai Bolt Action na yaƙin duniya na biyu, shi ma kamfaninsa a Nottingham yake, shagon na ba su tebur a daren tsakiyar mako. Ka dai taho da takalmi mai laushi da ruwanka, abincinka ma ka ƙunso daga gida har sai sun gyara.