Blender a hannun ɗalibi mai furojet na zane: inda take biya da inda take cinye lokaci

Idan aka ba ɗalibi furojet na zane, aka ce ya ƙera kujera ko fitila ko kwalba ko ƙaramin gini a kwamfuta, ya nuna shi ta kowane ɓangare yana juyawa, manhajar da za a fara ambata masa ita ce Blender. Mu ma ita muke zaɓa masa. Sai dai yabon da ake yi mata yakan rufe wani abu: ƙera siffar 3D ba shi ne yake kayar da ɗalibai ba. Abin da ke kayar da su shi ne awo da ba a daidaita tun farko ba, da fayilolin da suka ɓace, da lissafin lokacin fitar da hoto wanda ba a yi ba sai ana saura kwana biyu a miƙa aiki.

Blender kyauta ce, ba rajista, ba lasisin ɗalibi mai ƙarewa bayan shekara, kuma tana aiki ba tare da intanet ba a Windows da macOS da Linux. Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ne ya fara rubuta ta a 1994. Da kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe, masu amfani da ita suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai a 2002, aka fanshe ta aka sake ta ga kowa ƙarƙashin lasisin GPL. Hoto ko bidiyon da ka yi da ita naka ne. Mai shakkar ƙarfinta kuwa ya sani cewa fim ɗin da ya ci Oscar a rukunin zane mai motsi a 2025 da ita aka yi shi.

Masu manhajar sun ce mafi ƙarancin abin da take bukata shi ne ram mai gigabait 8 da katin hoto mai gigabait 2, amma 32 suke so a samu. Mai 8 zai ƙera kujera ya motsa ta lafiya lau, a wajen fitar da hoto ne zai ji jiki. Abin da ba a yi masa rangwame shi ne maus mai maɓalli uku, domin da na tsakiya ake juya kallo. Wanda laftof ɗinsa ba shi da madannan lamba na gefen dama ya shiga Preferences, sashen Input, ya kunna Emulate Numpad, don ya samu 1 na kallon gaba, 3 na gefe, 7 na sama, 0 na idon kyamara.

Fuskar manhajar tana firgita sabon shiga, wannan gaskiya ne, ko da yake ta gyaru sosai tun fitowar 2.80 a 2019. Darasin bidiyo da aka yi kafin 2019 a bar shi, maɓallan sun sauya wuri. Haruffan da ke ɗauke da yawancin aikin ba su kai goma ba. G na jan abu, R na juya shi, S na ƙara masa girma ko ragewa, kuma in ka bi kowanne da X ko Y ko Z sannan ka rubuta lamba, motsin zai tsaya kan layi ɗaya da adadin da ka rubuta. Tab na shigar da kai cikin ragar siffar inda ɗigo da layi da fuska suke. E na tsiro da sabuwar fuska, Ctrl da R na yanka zobe, Ctrl da B na kashe kaifin gefe. A nan Blender ta fi yawancin takwarorinta sauri, da zarar yatsu sun saba.

Yanzu batun awo, wanda muke roƙon kowane ɗalibi ya tsaya a kansa kafin ya taɓa komai. Akwatin da ke tsakiyar allo lokacin da ka buɗe manhajar mita 2 ne ta kowane gefe. Ɗalibi yakan ƙera kofi a kansa ba tare da ya lura ba, sai ya tashi da kofin da ya fi mutum tsayi. Ido ba ya ganin matsalar nan take, amma haske yana ganinta: ƙarfin fitila a Blender da wat ake auna shi, kuma yana raguwa da nisa, don haka inuwa da dishi-dishin bayan hoto duk za su fito na katon abu. Kyamara ma tana da iyaka, ba ta ganin abin da ya fi kusa da mita 0.1 ko ya wuce mita 100 sai ka sauya mata. Shi ya sa wani gini yake ɓacewa rabi a hoto. Gyaran mai sauƙi ne tun da wuri: a sashen Scene ka mai da awo zuwa milimita ko santimita, ka danna N, ka rubuta ainihin tsawo da faɗi da kaurin abin a gurbin Dimensions.

Akwai na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. In ka miƙe akwati da S daga waje, ba ka shiga da Tab ba, Blender ba ta sauya ragar ba, ta dai rubuta cewa a nuna ta an ninka ta, misali sau 3 a tsaye sau 1 a kwance. Duk abin da ka ɗora daga baya zai gaji wannan karkata: gefen da ka kashe wa kaifi zai yi faɗi a ɓangare ɗaya ya tsuke a ɗaya, kaurin bango ba zai zo daidai ba, hoton katako zai miƙe. Ka zaɓi abin, ka danna Ctrl da A, ka zaɓi Scale, lambobin su koma 1, 1, 1. Laifin manhajar a nan shi ne ba ta gargaɗi yadda ya kamata, kuma rabin abin da sabon shiga ke kira "ta lalace" daga nan yake.

Sauran cututtukan raga uku ne. Wanda ya danna E sannan ya fasa da maɓallin dama, sabbin ɗigon suna nan kwance a kan tsofaffin, ba a ganinsu sai sun jawo baƙin tabo. A zaɓi komai da A, a danna M, a zaɓi By Distance. Fuskar da ta juya ciki ta koma waje kuma ana gano ta da kunna Face Orientation, duk inda ya yi ja ya kife, Shift da N ke miƙe shi. Na uku zari ne. Subdivision Surface, mai mai da siffa sumul, yana ninka fuskoki sau huɗu a kowane mataki: akwati mai fuska 6 ya koma 24, sannan 96, sannan 384. Raga mai fuska 20,000 a mataki na 4 ta haura miliyan 5, kwamfuta ta tsaya cik. Mataki na 1 ko 2 a allo, na 2 ko 3 a hoton ƙarshe, ya ishi kusan kowane kayan ɗaki.

Wajen shafa wa abu kamanni, Principled BSDF, wato kayan shafen da manhajar ke zuwa da shi, kaɗai ya wadatar: launi, da Metallic mai nuna ko abin ƙarfe ne, wanda ko dai 0 ko 1, da Roughness mai nuna sheƙi ko dushewa. Hotunan da ba na launi ba, irin na kaushi da na gurzar jiki, dole a sa su a Non-Color, in ba haka ba sheƙin ya fito ba daidai ba. Ga mai zanen da launin tambari ke da muhimmanci a wurinsa, ya lura cewa tun fitowar 4.0 a 2023 manhajar tana tace launi da AgX, wanda ke kwantar da kaifin ja da shuɗi. In ana son launin ya fito yadda aka zaɓe shi, a koma Standard a sashen Color Management. Kuma Blender ba ta haɗiye hotunan cikin fayil da kanta, hanyar foldarsu kawai take riƙewa. Ka kai fayil ɗin wata kwamfuta, komai ya koma ruwan hoda mai ƙyalli. Shiga File, External Data, ka kunna Automatically Pack Resources tun ranar farko.

Motsin da furojet na zane ya fi bukata shi ne kyamara ta zagaya abin sau ɗaya. Kada a ja kyamarar da hannu, hanyar za ta yi gargada. A sa Empty, wato alamar da ba ta fitowa a hoto, a tsakiyar abin, a zaɓi kyamara sannan Empty ɗin, a ɗaure su da Ctrl da P. Blender tana tafiya da hoto ko firam 24 a daƙiƙa, wato daƙiƙa 10 firam 240 ke nan. A firam na 1 a kafa turken motsi da harafin I kan juyin Z na Empty ɗin yana 0, a firam na 241 a kafa wani yana digiri 360, amma a tsayar da fitarwa a 240, domin 0 da 360 hoto ɗaya ne, in an bar duka biyun bidiyon zai yi tuntuɓe duk lokacin da ya zagayo. Za ka ga juyin ya fara a hankali, ya yi sauri, ya sake lafawa, saboda haka manhajar ke lanƙwasa motsi in ba a hana ta ba. A Graph Editor a zaɓi turakun, a danna T, a zaɓi Linear. Da wannan dabara ɗaya ake buɗe murfi, a zaro aljihun tebur, a warwatsa sassan na'ura a sake haɗa su.

Motsa mutum ko dabba wani fanni ne daban. Sai an saka ƙasusuwa, an raba wa kowane ƙashi naman da zai ja, kuma rabon da manhajar ke yi da kanta yakan ƙi idan ragar tana da ɗigo biyu a wuri ɗaya ko sassa masu shiga juna. Rigify, kayan haɗa ƙasusuwa da ke cikin Blender, yana rage wahala, ba ya kawar da ita. Ɗalibin da zango ɗaya gare shi kuma ba a tilasta masa ba, mun fi so ya bar wannan.

Fitar da hoto shi ne inda kwanaki ke tafiya. Injina biyu ne. Cycles yana bin hasken kamar yadda yake tafiya a zahiri, gilashi da ƙarfe suna fitowa da kyau ƙwarai, amma yana da nauyi. Eevee yana kintace ne, yana gama firam cikin daƙiƙoƙi, kuma ga roba da katako da fenti bambancin ba ya kai a damu. Yi lissafi kafin ka zaɓa. Bidiyon daƙiƙa 30 firam 720 ne. In kowanne ya ci minti 2, awa 24 ke nan cur kwamfuta tana aiki. In ka sauko da kowane firam zuwa daƙiƙa 20, awa 4 ne. Cycles yana zuwa da samfur 4096, wato yawan gwajin haske, a kowane firam, adadin da ya wuce bukatar yawancin ayyuka. Sauko da shi tsakanin 128 da 256, ka bar Denoise a kunne ya share yashin da ya rage, ka kunna Persistent Data don kada ya sake loda komai a kowane firam. Katin hoto kuma a wuri biyu ake kunna shi: a Preferences, sashen System, ka zaɓi OptiX ko CUDA in na Nvidia ne, HIP in na AMD, oneAPI in na Intel, Metal in na Apple, sannan ka koma sashen Render ka sa GPU Compute. Da yawa suna yin na farko su manta na biyu.

Kada ka fitar da bidiyo kai tsaye. In manhajar ta rufe a firam na 600, fayil ɗin bidiyon yakan lalace gaba ɗaya. Fitar da jerin hotunan PNG a foldar da ka zaɓa da kanka, domin wadda ta zo da ita ta wucin gadi ce. In an katse, ka ci gaba daga inda ya tsaya, daga baya ka haɗa su a Video Sequencer cikin mintuna kaɗan. Ka fara gwada duka motsin da Eevee a kashi 50 cikin ɗari na girman hoto, a nan ake ganin kyamarar da ta ratsa bango. Abin yabo, manhajar tana ajiye kwafi duk minti 2, ana samunsa a File, Recover, Auto Save, kuma fayil mai ƙarewa da blend1 ajiyarka ce ta baya.

Inda ba mu ba da shawararta ba shi ne zanen da za a kai wa injin yanka ko masana'anta. Da'irar raga a Blender ba da'ira ba ce ta gaskiya, gefuna 32 ne a jere in ba ka ƙara ba, kuma ba ta riƙe tarihin awo yadda za ka sauya faɗin rami ɗaya sauran sassa su bi. Ba ta buɗe fayil ɗin STEP, irin wanda masana'antu ke aiki da shi, da kanta. Mai irin wannan aiki ya ƙera a FreeCAD ko Fusion ko Rhino, ya fitar da OBJ ko STL, ya kawo Blender don haske da motsi. Haka kamannin da aka haɗa da lissafin cikin manhajar ba ya bin siffa zuwa fayil ɗin FBX ko glTF sai an gasa shi ya zama hoto.

In ƙungiya ce ke aikin, kowa ya sauke fitowa iri ɗaya, kuma a zaɓi mai alamar LTS, wadda ake yi wa gyara shekara biyu ba tare da an sauya mata hali ba. Fayil ɗin da aka ajiye a sabuwar fitowa yana iya rasa wasu abubuwa in an buɗe shi a tsohuwa, kuma Eevee ya sauya sosai a 4.2 ta 2024, har hasken tsohon fayil yakan fito daban. Kada a sabunta manhajar sai an miƙa furojet.