Fitilun LED PAR masu araha a ƙaramin zauren wasan kwaikwayo: suna ƙawata bango, suna ɓata fuska

Zauren wasan kwaikwayo mai kujeru 80 ko 100, babbar matsalarsa wuta ce. Tsohuwar fitilar dandamali mai siffar gwangwani, PAR 64 mai ƙwan halojin, ita kaɗai tana jan wat 1000. Layin lantarki mai amp 16 a kan bolt 230 iyakarsa wat 3680, ka ga fitilu 3 sun kusa cinye shi ke nan, kuma kafin a raba wasa zufa ta wanke kwalliyar 'yan wasa. Shi ya sa masu ƙananan zauruka suka koma kan LED PAR marasa fitaccen suna, masu ƙwayoyi 18, wato ƙananan ƙwayayen haske, da ke ba da ja, kore, shuɗi da fari.

Ta fuskar cin wuta sun cika alkawari. Kowace ba ta wuce wat 180 ba, layi ɗaya zai ɗauki 10 cikin sauƙi, sai dai a riƙa kunna su rukuni-rukuni, don zuƙar da suke yi a daƙiƙar farko kan sa fis ya yanke. Ba sauran hawa tsani don sauya ledar launi, daga teburin sarrafa fitilu ake juya komai. A dandamali mai faɗin mita 6 da zurfin mita 4, guda 8 sun wadatar: 4 daga baya, bibbiyu daga kowane gefe. Wajen yi wa bango launin asuba ko faɗuwar rana, ba su da laifi ko kaɗan.

Laifin yana wajen fuska. Farin da suke bayarwa ba shi da ɗumin ruwan ɗorawa, sai fata ta fito toka-toka, ta mai duhu ma ta fi shan wahala, jan tufafi kuma ya dusashe. Masu ƙwayoyi daban-daban ga kowane launi sun fi muni, domin inuwar hannu kan fito da baki ja da kore. Ga shi ba su da marufin datse haske, sai ya zubo wa 'yan kallo na sahun gaba. Wasan kwaikwayo kuwa a fuska yake. Don haka kada a yar da tsofaffin Fresnel, fitilun halojin masu haske mai laushi: a bar 4 masu wat 500 ko 650 a gaba, suna sauko da haske a kan digiri 45 daga hagu da dama. In lallai LED ake so, a nemi mai ƙarin ƙwayar ruwan ɗorawa.

Sai rage haske. DMX shi ne tsarin aika wa fitilu saƙo daga tebur, tasharsa ɗaya matakai 256 gare ta, kuma masu arahar a matakan ƙasa tsalle suke yi, daga ɗan haske sai ɗif. Gwajin bai da wuya: kafin a biya, a shiga ɗaki mai duhu, a sauke hasken daga kashi 10 zuwa sifili cikin daƙiƙa 10. A nan take a kasa kunne ga fankar da ke cikin fitilar, don fankoki 8 a lokacin da ɗan wasa ke raɗa sun isa su cinye maganarsa. A kuma ɗauki bidiyo da waya, in layuka na gudu a hoton, haka za su yi a duk faifan da za a naɗa. Kada a kuskura a jona su a tsohuwar na'urar rage hasken halojin, lalata su take yi.

Yawancin abin da ake ɗora wa fitilun, laifin wayar da ke haɗa su ne. Tsarin DMX512, wanda ƙungiyar USITT ta Amurka ta fitar a 1986, ya yarda da na'urori 32 a layi ɗaya, kuma ana toshe ta ƙarshe da marufi mai om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 ta bakin haɗin. Da yake masu arahar bakinsu mai ƙafa 3 ne irin na makirufo, mutane kan haɗa su da wayar makirufo. Takan yi aiki a gwaji, ranar wasa kuma fitila ta kama ƙiftawa. Adireshi, wato lambar tashar da kowace fitila ke farawa daga gare ta, shi ma na kawo rikici: mai tashoshi 8 in ta fara a 1, ta biyu a 9 take, ta uku a 17. Abu mafi haɗari shi ne wasu in saƙo ya yanke sai su koma rawar launuka da kansu, ana tsakiyar fitowar makoki zaure ya zama gidan rawa. A duba saitin da ke riƙe hasken ƙarshe, wadda ba ta da shi a bar ta a shago.

Takardar bayaninsu sau da yawa ba ta dace da abin da ke cikin kwali ba, sai an bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya an rubuta, sannan a shigar da su manhajar sarrafa fitilu ta QLC+, wadda kyauta ce. Ba kasafai suke zuwa da wayar ƙarfe ta kariya daga faɗowa ba, a saya daban, kowace fitila da tata. A kuma sayi duka lokaci guda da ƙarin guda 1 ta ajiya, domin shuɗin bana ba lallai ya yi daidai da na baɗi ba, ko da kamfani ɗaya ne.