Murhun itace a Ingila da Jamus: inda hayaƙi ke dawowa ɗaki

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Ga bayanin da kuka nema kan murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi da ake ɗumama ɗaki da shi a nan lokacin hunturu.

Galibin ƙorafin da ake yi da murhun, laifin itace ne. Ɗanyen itace ba ya kamawa da kyau, yana baƙanta gilashi, kuma hayaƙinsa na daskarewa a bangon bututu ya zama kwalta, wadda ita ce ke kamawa da wuta daga baya. Tun watan Mayu na 2021 Ingila ta hana sayar da itacen da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari idan bai kai mita kubik biyu ba, ana kuma manna wa buhun tambarin Ready to Burn. A Jamus iyakar kashi 25 ce. Duk da haka kada a dogara da buhu. A faskara gungume, a soka na'urar auna danshi a tsakiyarsa, domin bayansa yaudara yake yi.

Idan hayaƙi na dawowa ɗaki da zarar an kunna, yawanci iska mai sanyi ce ta cika bututun. A ƙona takarda a kusa da bakinsa kamar minti ɗaya, sannan a jera manyan itatuwa a ƙasa, ƙirare a sama, a kunna daga sama, a buɗe duk kafofin iska. Idan bai daina ba, a kashe fankar kicin mai zuƙe tururi, a ɗan buɗe taga; in wuta ta miƙe, ɗakin ne ba ya samun iska. Bututun da bai kai mita 4.5 ba da wuya ya ja sosai. Akwai kuma sheƙar tsuntsu da kunkunniyar da ke taruwa a kan farantin ƙarfen da ke saman wuta.

Wutar da ta ƙi lafawa ko an rufe kafofi, igiyar da ke toshe iska a bakin ƙofar murhun ce ta mutu. A maƙale takarda a ƙofar a ja; in ta zare da sauƙi, a sauya igiyar.

Wajen shara ne ƙasashen biyu suka bambanta. A Jamus doka ce: kowane yanki na da mai sharar bututu da hukuma ta naɗa, yana zuwa duba murhu sau biyu cikin shekara bakwai, ya rubuta yawan sharar da za a riƙa yi. A Ingila mai gida ne ke nemo nasa, shi ya sa da yawa ke sakaci, a ganina tsarin Jamus ya fi. A share bututun aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo, kuma a karɓi takardar shaida saboda inshora.

Ƙararrawar kabon monoksaid, wato iska mai guba da wuta ke fitarwa, wajibi ce ga sabon murhu a Ingila tun 2010, ana kafa ta mita ɗaya zuwa uku daga murhun, domin iskar ba ta da wari ko launi.